Harafin Ƙaf da Yaƙin Basasar Jodan: Sharhi a kan Littattafai Biyu

Bahaushe ya daɗe da sasantawa da harafin ƙaf na Larabci. Da ya aro kalmomi irin su alƙalami da alƙali da alƙibla, sai ya sauya wannan baƙi da nasa ƙ, wani lokaci kuma da k, kamar a kalmar kabari, ya wuce abinsa. Su kansu Larabawa ba su taru a kan furuci guda ba. In ban da wajen karatun Alƙur'ani da huɗuba da labaran rediyo, kaɗan ne daga cikinsu suke furta ƙaf daga can beli kamar yadda malaman tajwidi suke koyarwa. Larabawan Shuwa na Barno da na Cadi da Sudan ga suke mayar da shi, su ce gal a maimakon ƙala, mutanen Alƙahira da Dimashƙu kuwa hamza suke sakawa a gurbinsa. A birnin Amman na ƙasar Jodan, wadda Larabawa ke kira Urdun, ana jin furuci uku a kasuwa ɗaya: wani ya kira alƙalami galam, wani ya ce 'alam, wani kuma kalam. Wannan bambanci, wanda a wasu ƙasashe ba ya wuce abin barkwanci tsakanin birni da ƙauye, a Jodan ya zama ma'aunin da ake duba wane ne ɗan ƙasa da shi, tun bayan yaƙin basasar 1970.

A wannan maƙala za a duba littattafai biyu da suka yi ƙoƙarin bayyana yadda hakan ta kasance. Na farko shi ne Colonial Effects na Joseph Massad, wanda ya fito a 2001, na biyu kuwa A War of Words na Yasir Suleiman, wanda ya fito a 2004, musamman babinsa da ya keɓe wa kare-karen harshen Jodan. Duka marubutan biyu asalinsu Falasɗinawa ne, duka kuma a jami'o'in Turawa suka yi suna, Massad a Kolombiya ta Amurka, Suleiman a Edinbara sannan Kambirij ta Ingila. Abin da za a bi diddiginsa shi ne ko yaƙin ne ya haifi alamomin da ake gane Bajodane da su, ko kuwa ya tarar da su ne ya ɗora musu wani farashi.

Tilas ne a fara da taƙaitaccen tarihi. Ingila ce ta kafa masarautar Gabashin Kogin Jodan a 1921, ta ɗora Abdullahi ɗan Sharif Husaini na Makka a kanta, wato sarkin kansa baƙo ne daga Hijaz. Ƙasar ta sami 'yanci a 1946. Bayan yaƙin 1948 Abdullahi ya haɗe Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da masarautarsa a 1950, aka kuma ba Falasɗinawan da ke can da 'yan gudun hijirar da suka tsallako takardar zama 'yan ƙasa, abin da babu wata ƙasar Larabawa da ta yi musu a jumlace. Nan take Falasɗinawa suka rinjayi mutanen Gaɓar Gabas a yawa. A 1967 Isra'ila ta ƙwace Gaɓar Yamma, wasu dubban ɗaruruwa suka sake tsallakowa, ƙungiyoyin fida'iyyai masu ɗauke da makamai suka kafa sansani a Amman da Irbid da kwarin Jodan, har suka zama kamar wata hukuma a cikin hukuma, suna tsare hanya suna binciken motoci. A ranar 6 ga Satumba 1970 ƙungiyar Joj Habash ta fara sace jiragen saman fasinja, ta sauke uku a wani fili kusa da Zarƙa, ta tarwatsa su a ranar 12 bayan an fitar da mutanen ciki. Ranar 16 Sarki Husaini ya naɗa gwamnatin soja, washegari tankoki suka shiga Amman. Tankokin Siriya sun ƙetaro iyaka daga arewa amma aka kore su. An sa hannu a yarjejeniya a Alƙahira ranar 27 ga wata, kwana ɗaya kafin rasuwar Jamal Abdul Nasir, sai dai faɗan bai ƙare ba sai a Yulin 1971, lokacin da soja suka fatattaki ragowar fida'iyyai daga dazuzzukan Jarash da Ajlun a ƙarƙashin gwamnatin Wasfi al-Tal. A Nuwamba na wannan shekara aka harbe Wasfi a Alƙahira. Adadin waɗanda suka mutu har yau ana jayayya a kansa, ɓangaren Yasir Arafat ya ambaci dubu ashirin ko fiye, yawancin masana tarihi kuwa suna tsayawa a 'yan dubbai.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne ginshiƙin sharhin da zai biyo baya. Lokacin da ake yaƙin, layin da ya raba mayaƙa bai bi asali sak ba. Janar ɗin da aka ba shugabancin gwamnatin soja, Muhammad Dawud, Bafalasɗine ne. Ministan watsa labaranta, Adnan Abu Auda, mutumin Nabulus ne. Akwai Falasɗinawa da yawa a cikin rundunar sarki, kuma mafi yawansu ba su gudu ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Nayif Hawatma, shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin fida'iyyai mafi zafin ra'ayi, wanda ya yi ta kiran a hamɓarar da sarauta, Kirista ne ɗan garin Salt, wato ɗan Gaɓar Gabas tsantsa. Yaƙi ne tsakanin hukuma da ƙungiyoyin da suka ƙalubalanci ikonta. Bayan an ajiye bindiga ne aka sake karanta shi a matsayin yaƙi tsakanin al'ummu biyu, kuma wannan sabon karatu shi ne ainihin abin nazari.

Hujjar Massad ita ce, doka da soja su ne masaƙar da aka saƙa Bajodane a kanta, kuma Turawan mulkin mallaka ne suka kafa masaƙar. Mafi armashin littafin shi ne inda ya bi sawun John Glubb, wanda Larabawa suka sani da Gulub Basha, hafsan Ingila da ya kafa rundunar sintirin hamada a farkon shekarun 1930, ya shugabanci sojan ƙasar daga 1939 har Sarki Husaini ya sallame shi a Maris 1956. Massad ya nuna yadda Gulub ya hana Badawiyyai, wato Larabawan daji makiyaya, hari da yawon da rayuwarsu ta ginu a kai, sa'an nan ya ɗebo wasu gutattsarin al'adarsu ya ɗinka wa sojansa. Jan hirami mai ɗigon fari, wanda yau ake ɗauka tufar kaka da kakanni, a cewarsa kayan sarki ne da Gulub ya zaɓa. Algaitar jaka ta mutanen Sikotlan da bandirin soja ke busawa ita ma haka ta shigo. Hatta mansaf, abincin da ake kira na ƙasa, wato shinkafa da naman rago da romon busasshen nono mai kama da cuku, Massad ya ce siffarsa ta yanzu sabuwa ce, domin shinkafa ba cimar makiyayan da ba ce. Bayan 1970, in ji shi, hukuma ta ɗauko waɗannan abubuwa ta yayata su ta rediyo da talabijin da waƙoƙin yabon sarki da soja, har jan hirami ya tsaya yana fuskantar baƙi da fari na Falasɗinawa.

Babu shakka wannan aiki ne na ƙwazo, kuma duk mai nazarin al'ada zai amfana da ganin yadda abin da ake rantsuwa da daɗewarsa kan zama bai kai shekarun tsohon da ke rantsuwar ba. Amma akwai inda hujjar ta yi rauni. Da farko, tono asalin alama ba ya bayyana dalilin da ya sa mutane suka rungume ta. A ce Bature ne ya zaɓi jan hirami, to, me ya sa sai bayan shekara arba'in ɗalibin jami'a ɗan Karak, wanda bai taɓa kiwon raƙumi ba, ya ga tilas ne ya yafa shi? Massad ya san amsar tana cikin 1970, ya kuma faɗe ta a babinsa na ƙarshe, amma nauyin littafin ya karkata ga zamanin Gulub har mai karatu zai iya fita da zaton cewa mutanen Gaɓar Gabas yumɓu ne kawai a hannun magini. Na biyu, tarihi ya nuna suna da nasu kishin tun kafin Falasɗinawa su zama abokan gogayya. A shekarun 1920 an riga an ji kiran cewa Jodan ta Jodaniyawa ce, kuma waɗanda ake nufi da baƙi a lokacin su ne ma'aikatan da Abdullahi ya cika ofisoshinsa da su daga Siriya da Hijaz da sauran wurare. Tawayen ƙabilar Adwan na 1923 da babban taron ƙasa na 1928 duk suna da wannan ƙamshi. Fitaccen mawaƙin wannan ra'ayi, Mustafa Wahbi al-Tal, wanda aka fi sani da Arar, ya sha ɗauri da kora a hannun masarauta, kuma shi ne mahaifin Wasfi al-Tal. Uba ya yi kishin Jodan yana adawa da fada, ɗa ya yi kishin Jodan yana kare fada da tankoki. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce aikin da yaƙin ya yi: ya ɗaura auren kishin Gaɓar Gabas da gadon sarauta, auren da ba a taɓa ɗaurawa da ƙarfi haka ba a da. Littafin Andrew Shryock na 1997 a kan ƙabilun Balƙa, inda ya zauna da masu ƙoƙarin rubuta tarihin kakanninsu na baka, ya fi nuna wannan ɓangare, domin a can ana jin mutanen suna gardama da juna da kuma hukuma a kan wane ne ya riga wani zama a ƙasar.

Suleiman ya shigo ta wata ƙofa, wadda ta fi kusa da masu nazarin harshe. Ya karkasa maganar Jodan gida uku bisa furucin ƙaf: ta Badawiyyai da garuruwan Gaɓar Gabas masu cewa ga, ta mutanen biranen Falasɗinu irin su Ƙudus da Yafa da Haifa masu hamza, da ta manoman tsakiyar Falasɗinu masu cewa ka. Masu binciken walwalar harshe da suka gabace shi, irin su Hassan Abdel-Jawad a kundinsa na 1981, sun lura cewa a Amman maza suna karkata ga ga, mata kuma ga hamza, aka fassara wannan da cewa ga tana da kaushi irin na mazantaka, hamza kuwa tana da taushi da wayewar birni. Suleiman bai musa aukuwar hakan ba, amma ya ce bayanin ya tsallake siyasa, wataƙila don tsoron taɓa ta. Abin da ya sa a gaba shi ne lokaci. Ga ta daɗe da kaushinta, me ya sa sai bayan Satumba 1970 samarin Falasɗinawa suka fara barin furucin iyayensu suna ɗaukarta? Amsarsa ita ce, a shingen soja da ofishin fasfo da harabar jami'a, harafi ɗaya yana iya tona asalin mutum, kuma asali ya zama abin da ake biya ko a ci riba da shi. Ya kuma tattauna laƙabin Baljiki, wato mutumin Beljiyam, wanda aka riƙa jifan Falasɗinawa da shi a wannan zamani. Ana ba da bayanai iri-iri a kan tushen laƙabin, har da mai cewa daga takalman sojan da fida'iyyai ke sawa ya samo asali, amma ma'anarsa a fili take: an mayar da maƙwabci na ƙetaren kogi baƙo daga wata nahiya.

Wannan hujja ta fi ta Massad kama ƙasa, saboda ta nuna hanyar da yaƙi ke bi ya shiga bakin mutum. Sai dai don a fahimce ta sosai dole a haɗa ta da batun abinci, wato aikin yi. Bayan yaƙin an bi manufar mayar da soja da 'yan sanda da ma'aikatun gwamnati hannun 'yan Gaɓar Gabas, aka bar wa Falasɗinawa kasuwa da kamfanoni da aikin ƙwadago a ƙasashen Tekun Fasha. Abu Auda, wanda ya ga abin daga cikin fada, ya bayyana wannan rabo a littafinsa na 1999, kuma maganar ba ta yi wa masu kishin Gaɓar Gabas daɗi ba ko kaɗan. Ke nan ga ta zama muryar mai kaki da mai hatimi. Wanda ke neman sa hannu a takarda yakan kwaikwayi muryar mai sa hannun, ko da babu bindiga a wurin.

Inda aka yi tuya aka manta da albasa shi ne wajen mata. In har yaƙi ne kaɗai ke tuƙa harshe, da an ga 'yan matan Falasɗinawa su ma sun koma ga. Abin da ya faru akasin haka ne. Binciken da Enam Al-Wer ta Jami'ar Essex ta shafe shekaru tana yi a kan karin harshen Amman ya nuna cewa 'yan matan da iyayensu suka fito daga Salt da sauran garuruwan Gaɓar Gabas, inda maza da mata duka ga suke cewa tun fil azal, sun bar ta sun koma hamza, wato furucin biranen Falasɗinu da Sham. A daidai shekarun da ɓangaren da ya ci yaƙi yake cusa muryarsa a bakin samarin waɗanda aka ci, 'ya'yansa mata suna ɗaukar muryar waɗanda aka ci ɗin. Suleiman ya san da wannan, amma tsarin bayaninsa bai ba shi wurin da ya cancanta ba. Al-Wer ta kuma tunatar da wani abu da ake yawan mantawa, cewa Amman ba ta da karin harshe na gado. Kufai ce da Sarkasawa 'yan gudun hijira daga Kaukasas suka raya a 1878, kuma ba ta zama birni ba sai da aka mai da ita hedkwata. Maganarta sabuwa ce, jikokin baƙi ne daga Salt da Nabulus da Dimashƙu suka ƙera ta. A bakin waɗannan jikoki, saurayi ɗaya yakan yi ga in yana cikin maza ko in rigima ta tashi, ya yi hamza in yana zance da budurwa, ko daga wace gaɓa kakansa ya fito.

Abin da za a iya fahimta daga nan shi ne, siffar ɗan ƙasa da yaƙin ya fito da ita siffar namiji ce, soja, mai jan hirami, mai ƙabila a bayansa. Ba a nemi mata su shiga cikinta ba, don haka harshensu ya ci gaba da bin ma'aunin da ya riga yaƙin, wato martabar birni. A nan Massad yana da abin cewa wanda ya fi na Suleiman, domin ya yi dogon bayani a kan dokar zama ɗan ƙasa, wadda ta sa gadon ƙasa ya bi ta wajen uba kaɗai. Mace Bajodaniya da ta auri baƙo ba ta iya ba 'ya'yanta ƙasarta, kuma duk lokacin da aka tayar da batun gyara dokar, tsoron ƙaruwar Falasɗinawa ne ake kawowa. Da marubutan biyu sun karanta juna da kyau, da babin doka na ɗaya ya warware matsalar furuci ta ɗayan. Abin lura ne kuma cewa ita fadar ba ta taɓa ɗaure kanta da wannan siffa ɗaurin goro ba. A Disamba 1972, shekara guda da 'yan watanni bayan Jarash da Ajlun, Sarki Husaini ya auri Aliya Tuƙan, 'yar wani babban gida na Nabulus, ɗansa Abdullahi na Biyu kuma ya auri Raniya, wadda iyayenta mutanen Tulkaram ne. Sarauta tana bukatar ta zama ta kowa, ko da kuwa sojanta na wasu ne.

Wani gibi da littattafan biyu suka bari, wanda ba laifinsu ba ne ƙwarai tun da shekarun da suka biyo baya ne suka ƙara fito da shi, shi ne cewa auren da aka ɗaura a 1970 bai zauna lafiya ba. Tarzomar Afrilu 1989 a kan tsadar mai daga Ma'an ta tashi, ta 1996 a kan burodi kuma daga Karak, duka garuruwan kudu ne da ake ɗauka ƙashin bayan sarauta. Da gwamnati ta fara sayar da kamfanoninta tana rage ɗaukar ma'aikata, sai waɗanda aka ba aikin hukuma a matsayin rabonsu suka ga rabon yana narkewa, na kasuwa kuwa yana kumbura. A 2010 tsofaffin hafsoshin soja suka fitar da takardar koke mai zafi a kan abin da suka kira yunƙurin mayar da Jodan madadin Falasɗinu. Kishin da Arar ya yi wa waƙa, mai kallon fada da jan ido, ashe bai mutu ba. Taken Jodan Farko da aka ƙaddamar a 2002, da na Dukkanmu Jodan ne na 2006, ƙoƙari ne na lulluɓe ɓarakar, bayan Sarki Husaini ya riga ya yanke alaƙar mulki da Gaɓar Yamma a Yulin 1988.

Akwai kuma batun suna, wanda ya kamata a ce masanin harshe kamar Suleiman ya daɗe a kansa fiye da yadda ya yi. Falasɗinawa suka sa wa watan suna Baƙin Satumba, sunan da ƙungiyar da ta kashe Wasfi al-Tal ta ɗauka, duniya kuma ta bi su. A harshen hukuma kuwa ba a cika cewa yaƙin basasa ba, sai dai a ce abubuwan da suka faru a Satumba, a wuce da sauri. Yaƙin da ƙasar ke biki da shi duk shekara shi ne na Karama, na 21 ga Maris 1968, inda sojan sarki da fida'iyyai suka yi yaƙi a gefe ɗaya da Isra'ila, ko da yake har a wannan ma kowane ɓangare yana cewa shi ne ya yi nasarar. Abin da ba a faɗa a aji ko a majalisa sai ya koma filin ƙwallo. Kulob ɗin Faisali, wanda aka kafa a 1932, ya zama na 'yan Gaɓar Gabas, na Wihdat kuwa, wanda ya tashi daga sansanin 'yan gudun hijira mai wannan suna a 1956, sansanin da ya sha luguden wuta a Satumba 1970, ya zama na Falasɗinawa. Wihdat ta fara cin kofin ƙasa a 1980, shekara goma cif bayan yaƙin. A Disamba 2010, bayan wani wasa tsakanin kulob ɗin biyu a Amman, mutane fiye da ɗari biyu suka ji rauni. Waƙe-waƙen zambo da 'yan kallo ke rerawa a irin waɗannan wasanni, inda ake ambaton mansaf da mulukiyya, wato miyar lalo da ake danganta wa Falasɗinawa, har da asalin matar sarki, taska ce ta adabin baka da ta fi dacewa da hujjar Suleiman fiye da misalan da ya kawo, domin a can ne kaɗai dubban maza suke furta ƙaf da murya ɗaya, kowane ɓangare yana sauraron yadda ɗayan zai furta shi.